Dakan da Kaji Ba Su Kula Ba

Bana ruwa ya yi mana rowa a Kankiya. An yi shuka rana ta ƙone ta, an sake, yanzu kowa ya zuba wa gabas ido yana jira. Shekaranjiya da hantsi ina kishingiɗe a gindin darbejiyar tsakar gida, rediyo na ta zuba, sai na ji an fara daka a gidan maƙwabcinmu Malam Audu mai gyaran keke. Na kashe rediyon na kasa kunne. Hajiya, matata, tana bakin murhu ta hango ni.

"To, an fara," in ji ta. "Mutumin da bai taɓa riƙe taɓarya ba, shi ne alƙalin turmin unguwa."

Na ƙyale ta, don ba ƙarya ta yi ba. Ban taɓa daka ba. Amma ina da kunne. Rabin rayuwata a kan sitiyari na yi ta, kuma direban da ba ya jin abin da inji ke faɗi a daji zai kwana. Na je Legas, na je Fatakwal, Maraɗi da Damagaram kuwa har masu tuwon tasha sun san yawan yajin da nake so. Duk da wannan yawo, in aka tambaye ni garin da ya fi ba ni wahala, ba birni zan ambata ba. Wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Kusada, ana ce masa Dutsen Agwada, kuma a can na koyi sauraron turmi.

Shekarar babban farin nan ce, ba mu daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba. Arzikin fetur ya fara shigowa, a birni ana ta shimfiɗa kwalta ana sayen babura, a ƙauye kuwa gero ya kai iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun da suka iya tafiya sun yi kudu, waɗanda suka kasa suna kwance a bakin hanya, sai ka toshe hanci ka wuce. Ina tuƙa wa wani Alhaji dillalin gyaɗa da auduga a nan Kankiya, mutum mai faɗan tsiya amma mai tsoron Allah. A ƙarshen bazara ya sa aka cika motarsa mai bodin katako da dawa da gero, ya kira ni.

"Mamman, hatsin ga na Allah ne. Inda ka ga yunwa ka sauke, inda ka ga suna da shi ka yi gaba. Kada ka komo mani da ko tsaba."

Aikin bai yi wuya ba da farko. Rimaye, Kaikai, Bauranya, ko'ina sai in tsaya ƙofar mai gari, a gaisa, a sauke, a yi wa Alhaji addu'a, in wuce. Saura 'yan buhuna a ƙarƙashin tamfol sai wani mai sayar da igiya a kasuwar Kusada ya ce mini akwai wasu mutane can gindin dutse, an kwana biyu ba a ga ɗan garinsu a kasuwa ba. Ya nuna mini hanya da haɓa. Hanyar jakai ce, na bi ta da mota, kuma ina hango garin tayoyin baya suka nutse cikin yashin wata busasshiyar ƙorama har ya taɓo bodi.

Garin bai kai a ce masa gari ba. In ka yi tari a gabashinsa, daga yamma za a ce maka sannu. Gidajen sun kewaye gindin wani baƙin dutse mai kama da tukunyar da aka kife, ga masallacin laka, ga kuka ɗaya da aka tsige ganyenta tas, ga rumbuna a jere kowanne an liƙe bakinsa. Agwada, wannan 'yar dabbar dutse mai kama da zomo marar kunne, ta fi mutanen yawa, kuma ta fi su kallon baƙo. Zafi kuwa ban taɓa shiga irinsa ba. Dutsen nan ya wuni yana shan rana, in ta faɗi ya dinga amayo ta a kan mutane. Ruwansu daga wani kwarmi ne a gefen dutsen, kore shar, sai an tace da ɗankwali, kuma ko an tace kana sha ka san agwada ta riga ka zuwa wurin.

Mazan garin suka fito da hauyoyi, a gabansu wani dogon dattijo busasshe, rawaninsa ya sha jiki amma an naɗa shi kamar za a fada. Shi ne Mai Unguwa Tanko. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya duba motar, ya ce ba ta fita da kaya a kanta, aka sauke buhunan aka jera a zaurensa, aka haƙa, aka shimfiɗa kara da itace, aka tura. Kafin magariba mota ta fito. Na lura ana yawan tsayawa hutawa, amma na ɗora laifin a kan zafi.

Da muka zauna na ce, "Ranka ya daɗe, yaya kuka ji da wannan fari?"

"Lahiya lau muke, Malam Direba, sai godiya. Mun dai ji ana hwaɗi, wai can arewa abin ya taɓa mutane. Allah shi kawo masu sauƙi."

Bayan sallah sai ga magidanta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da akushinsa. Tuwon gero, miyar kuka, wani gidan har da 'yar kaza. Suka jera a gabana suka ja da baya. Na ce bisimilla, suka ce ai sun riga sun ci, cikinsu ba wuri. Ni kuwa na wuni ba abin da na sa a baki sai goro. Na gyara zama na yi wa tuwon nan aiki irin na direba, na sha fura a kai. Ina kwanciya na ce a raina, waɗannan ai su ya kamata su taimaki Alhaji.

Da asuba daka ta tashe ni. Ko'ina a garin turmi ke tashi, wani na amsa wa wani, ana lugude har da tafi, dutsen kuma yana maido da ƙarar. Hayaƙi na fita daga kowane gida. Rabon da in ji gari na daka haka tun kafin fari. Na yanke shawara in na karya a mayar mini da buhunan mota in kai inda ake buƙata. Kafin nan na ce bari in hau dutsen in sha iska, in kuma duba hanyar da ba yashi. Ban san namiji ba ya hawa dutsen nan da safe ba, don daga samansa kana ganin tsakar kowane gida kamar tafin hannunka. Ba wanda ya gan ni balle ya hana ni.

Abin da ya fara ɗaure mini kai kaji ne. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san in ana daka kaji ba sa barin gindin turmi, sai an yi ta kora. A nan kuwa ga mata na ta zuba lugude, ga 'yan kajin da suka rage can gindin danga suna tonon ƙasa, ko waiwaye ba sa yi. Na ƙara matsawa. Daidai ƙasana wata tsohuwa ce ke daka ita kaɗai, tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Na leƙa turmin. Babu komai a ciki, ko dusa. A murhunta tukunya na tafasa, da ta buɗe ruwa ne zalla. Gida na gaba haka, na gaba da shi haka. A gidan Mai Unguwa akwai rumbun da hularsa ta zame, na hango har ƙasansa, wata kaza ma ta yi sheƙa a ciki. Sai na tuna tuwon da na ci jiya.

Na sauko ta bayan dutsen na zagayo kamar daga daji nake. Na sami Mai Unguwa na ce masa hatsin nan sadaka ce daga Alhaji, kuma na ga ya dace a bar shi a nan.

Ya ɗaure fuska. "Mi ka gani gare mu, Malam Direba? Tuwon jiya bai ishe ka ba?"

"Ya ishe ni, ranka ya daɗe."

"Ko daka ce ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To kai ma waɗanda ba su da shi. Mu in munka amsa mun ci haƙƙin wani."

Ba damar in ce na hau dutse na leƙa matan mutane. Sai dabarar 'yan tasha ta faɗo mini. A tasha in kana son ba mutum abu ba tare da ka kunyata shi ba, sai ka ce ya riƙe maka, ka kashe masa ido, ka tafi, shi ke nan ya gane. Na ce to motar ba za ta iya haye yashin nan da kaya ba, a ajiye mini su. Na ƙara da cewa in ɓera ya ci, ko an ga buhu ya ragu, wallahi ba mai tambaya. Na kashe masa ido har sau biyu. Ya ce in sa ruwa in wanke, ƙasa ce ta shiga. Na tafi ina yaba wa kaina.

Aka yi makonni, ruwa ya sauka, Alhaji ya aike ni Kusada ɗauko wasu kaya, na ce bari in ratse in karɓi godiya. Duniya ta canja. Ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na ta kuka a ƙoramar da ta cinye mini taya, dutsen ya yi sanyi har ciyawa ta fito a tsaginsa. Amma gonakin sun ba ni mamaki, shukar ta fito tsilli-tsilli, nan tsiro can fili. Mutanen da ke noma a ciki kuwa kowa ya ɗaure ciki da igiya ko tsumma, in ya yi kunya guda sai ya dogara da hauya yana haki.

Mai Unguwa ya tarbe ni da fara'a, ya ja ni zaure da alfahari. Ga buhunana nan yadda na bar su. An ɗora su a kan duwatsu da itace saboda danshi, an zagaye su da toka saboda gara, wanda ya ɗan yage an ɗinke shi da zare mai kyau. A gefe an ɗaure wata kyanwa, ita kaɗai na ga ta yi ƙiba a garin.

"Ta Liman ce, aro munka yi," in ji shi. "Ɓerayen garin ga tun bara sunka yi ƙaura, sai da kayanka sunka zo sunka komo. Amma ba su samu sa'a ba." Ya miƙa hannu saman katanga ya sauko da wata 'yar ƙwarya, tsabar dawa a ciki ba ta fi cikin tafi ba. "Wagga ita ta zuba ranar da munka ɗinke. Ka duba kayanka."

Na karɓi 'yar ƙwaryar nan na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka. Haushi ne ya yi nasara. Na fita na nufi masallaci, na sami Liman a gindin kuka yana gyara alƙalamin kara. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai ido kamar yana shirin tsokana. Shi na fasa wa cikina, har hawan dutsen na faɗa masa.

"Ai mun sani," in ji shi. "Gwaggo Delu ta gane ka, ita ce ka tsaya bisa kanta. Ta ce da ta lura da kai sai ta ƙara tahi, kada baƙo shi ce ba a iya lugude ba garin ga."

"To Allah gafarta Malam, tunda an san na sani, me ya hana a ci hatsin?"

"Kai ka ce ajiya. Wa ka taɓa ji ya ci ajiya?"

"Na kashe ido!"

"Ido ba magana ba ne." Ya hura alƙalaminsa. "Tuwon da ka ci kuwa, irin shukarmu ne. Shi ya sa ka ga gonakin kamar kan mai sanƙo. Kada ka damu, kowa ya ji daɗi da ka ci da yawa. Abu guda dai anka yi maganarka a kai."

"Me kuma na yi?"

"Ka maido akusa hannu rabbana, ba ko ɓarin goro ciki. Nan garin ba a maida ƙwarya haka nan. Baƙo in ya ci, shina sa ɗan wani abu, komi ƙanƙantarshi. Wanda anka sa ma kuwa ba shi da ikon maidowa, in ya maido ya zagi baƙo." Ya ɗago ya dube ni. "Mun ce ɗan birni ne, ba a koya mashi ba."

Ya koma kan alƙalaminsa kamar bai ce komai ba.

Da magariba akusa suka zo. Wannan karon babu tuwo. Kwaɗon tafasa ne, wannan ganyen mai ɗaci da sai an dafa an zubar da ruwan, da ɗan ƙuli-ƙuli a kai don a ce an sa. Na cinye, na kwance bakin buhu, na cika kowane akushi da dawa har ya yi tozo. Magidanta suka zo ɗauka, kowa ya tsaya yana kallon nasa. Na ce a yi haƙuri, wancan zuwan ban san al'ada ba, kuma goro ya ƙare mini. Sai Liman ya sunkuya ya ɗauki nasa ya ce, "Madalla da baƙo mai ladabi," ya fita. Sauran suka bi shi, kowa na tafiya a hankali kada tsaba ta faɗi.

Akushi dai akushi ne, buhu kuma buhu ne. Na lissafa na ga in da haka za a tafi sai na yi kaka a garin. Na aika wa Alhaji ta bakin masu zuwa kasuwa cewa hanya ta ɓaci, wanda ba ƙarya ba ne sosai, na zauna. Washegari da safe aka kawo mini koko a ƙwaryar da ta fi akushin jiya. Da rana aka kawo dafaffiyar dawa a wadda ta fi ta safe. Ba wanda ya yi magana, ba wanda ya yi murmushi, ƙorai dai suna ta girma. Gwaggo Delu ce ta fasa ƙwai. Ta zo da kanta, ɗauke da masaki, irin babbar ƙwaryar da ake wa jariri wanka a ciki. Ta dire a gabana, na leƙa, can ƙasa ga kwaɗon zogale loma guda.

"Ɗana, ƙananan duk sun hwashe," in ji ta. "Kai da ke da idon gani daga bisa dutse, ai ka gani."

Wahalar ita ce sai na ci. In ban taɓa abincin gida ba, ba ni da hujjar sa musu komai, don haka kowane gida sai na ɗanɗana, safe da rana da magariba. Da dawa ta fara shiga gidaje tuwo ya dawo, matan kuma suka shiga gasa, kowace na son a ce nata baƙo ya fi ci. Ana tsakiyar yunwa ni ina kwance ɗamarar wando. Don kunya na shiga gayyar noma. Tun sanyin safiya a jeru a gona guda, a yi ta a koma ta gaba, ruwa na yayyafi, laka na kama ƙafa, mai gona na bi da ruwan sha. Aka ba ni hauya, na sare gero ya fi ciyawar da na cire, sai aka roƙe ni da girman Allah in koma gindin itace in riƙa ba su labarin Legas. Daga nan nake kallon yadda ake rage tsayawa haki, har wata rana na ji wani ya ɗaga murya yana waƙa.

Gida ɗaya ne ya gagare ni, kuma shi ne mafi yawan baki. Mai Unguwa ya gane wasan tun ranar farko. Bai hana kowa ba, amma shi ya daina kawo akushi. Sai ya zo da abincinsa a naɗe cikin ganye, ya ajiye, ya ce in na gama in yar. Ina zan zuba dawa a ganye? Ga shi a zaurensa nake kwana, ina jin jikokinsa na kuka a ciki, ina jin turmin gidansa kullum da safe yana ƙara fiye da na kowa. A lokacin kunnena ya gama buɗewa. Turmi mai hatsi muryarsa a ƙasa take, dum, dum, ba ta zuwa nesa. Wanda babu komai shi ke ƙwal, ƙwal, har dutse ya amsa. Duk garin ya koma dum, saura gida ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ƙaunaci tsohon nan da taurin kansa.

Sai saƙon Alhaji ya iso, cewa in ban dawo da mota ranar kasuwar Kankiya ba, in nemi wani ubangidan. Saura buhu biyu, na ware su na hana kowa. Ranar da ta rage mini, Mai Unguwa ya kawo ƙunshin ganyensa, na ture shi gefe.

"Ranka ya daɗe, ni ba akuya ba ne. Kowa a garin nan ya girmama ni da ƙwarya, sai gidan da na sauka ake ba ni a ganye. Ba zan ci ba. Gobe in na isa Kusada aka tambaye ni, zan ce na kwana gidan Mai Unguwa Tanko da yunwa."

Ban taɓa ganin fuska ta canja haka ba. Ya ɗauki ganyensa ya shige gida. Jim kaɗan na jiyo muryar mai ɗakinsa, Inna Hure, wadda tun zuwana ban taɓa jin ko tarinta ba. Ban ji kalmomin ba, amma ita kaɗai ke magana, kuma ta daɗe tana yi.

Da gari ya waye ba a yi daka a gidan ba. Na duba mai, na duba ruwa, na ɗaure tamfol, zuciyata ba daɗi. Mutane sun taru sallama. Sai muka ji wani abu na gurgurowa daga cikin gida, gur, gur, gur. Mai Unguwa ne, da rawaninsa da komai, ya kwantar da turmin gidansa yana mirgino shi. Ya kawo shi gabana ya tayar, ya sa hannu a aljihu ya ɗauko dafaffen ƙwan zabuwa guda, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasan turmin. Ya miƙe yana kallon saman kaina.

"Mai ɗakina ta ce akusan gidan duk suna da aiki. Ka yi haƙuri da wanga."

Liman ya juya baya yana duba kuka, kafaɗunsa na rawa. Na zura hannu har kafaɗa na ɗauko ƙwan, na ɓare, na ci a tsaye. Na kwance buhu na cika turmin har baki. Maza biyu suka ɗauka suka shiga da shi. Na duba abin da ya rage, na duba Mai Unguwa.

Ya gyara murya. "Zabuwar ba guda ta yi ba."

Turmin ya fito da wani ƙwan. Ya koma, ya sake fitowa. Ban san inda aka samo ƙwai haka ba, ina jin duk zabin garin sai da aka bi su daji. Na yi ta ci ba ruwa ba gishiri har ya fara tsaya mini a wuya, ina buga ƙirji ina haɗiya, sai da na kakkaɓe buhun ƙarshe. Sannan na ɗauko 'yar ƙwaryar nan ta tsabar da suka tsince mini, na juye a kai. Mai Unguwa ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba. Abin da ya ce kawai shi ne in kula da yashin ƙorama.

Na shiga mota, na sa makulli, amma ban tayar ba. Na jira. Can sai na ji shi daga cikin gidan, dum, dum, dum, a hankali, ba tafi ba lugude. Sai ga kaji daga ko'ina suna tsallake danga da gudu sun nufi gidan Mai Unguwa. Na tayar da mota da sauri don kada a ga idona.

Da na isa Kankiya Alhaji ya zagaya ni sau ɗaya yana kallon wuyana da ya cika. Ya ce, "Mamman, na ce ka sauke inda ka ga yunwa. Ashe cikinka ka gane ta." Sai da na yi rantsuwa.

Yanzu an ce kwalta ta kusa kai wa garin, an yi rijiyar burtsatse, inji ke niƙa, ko ka hau dutsen ba abin da za ka gani sai rufin kwano. Mai Unguwa da Liman da Gwaggo Delu duk ƙasa ta rufe musu ido, Allah ya jiƙansu. Ni ma ƙafa ta ƙi, tafiyata daga ɗaki ce zuwa gindin darbejiya.

Shekaranjiyan nan dai na saurari turmin gidan Malam Audu har aka gama. Ba wofi ba ne, amma abin da ke ciki bai rufe gindinsa ba, taɓarya na taɓa itace. Ga yara cike da gida, ga keke an daina kawowa gyara, kuma kwanan nan na tambaye shi ya ce lafiya lau sai godiya. Na kira Hajiya na ce ta aika a ce ina sha'awar kwaɗon zogalen gidansu, kuma a gaya musu ni tsoho ne mai tsarabe-tsarabe, ba na cin abu a ƙaramin kwano.

Ba ta ko ɗago daga murhu ba. Ta nuna bakin ɗaki da ludayi. Wata babbar roba ce ta wanki daga gidan Malam Audu a ajiye, an rufe da faifai. Na ɗaga, can ƙasa ga zogale loma guda.

"Tun jiya na ji turmin," in ji ta. "Ci ka ba ni robar, mutane na jira."